YUNWAR HANYA: ABIN DA KE KARYA GARKUWAR JIKIN SHANU

Akwai wata tambaya da take yawan tasowa a Tulaku ta Ashaiman da zangunan Nima da Maamobi: ya aka yi sa ya sauka daga mota da ƙafarsa, amma bayan sati guda ko biyu ya kama tari da majina, ya ƙi cin abinci? Wasu su ce iskar teku ce, wasu su ce dillali ya ɓoye cuta. Sau da yawa kuwa, matsalar tun a hanya aka ɗauko ta.

Ga yadda abin yake. A cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narkar da ciyawa su mai da ita sinadaran da suke ba ta kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. To idan aka yi lodi a Pouytenga ko Fada N'Gourma, aka ƙetare Paga, akwai sauran fiye da kilomita 800 ta Tamale da Techiman da Kumashi kafin a shigo Ankara. In ba ci ba sha, tumbi ya zama wayam, sai jiki ya koma cin kitsensa. Hanta ce take sarrafa wannan kitse, ta fitar da wani sinadari da likitocin dabbobi suke kira BHB.

Shi BHB ba guba ba ne. Kowace lafiyayyar saniya tana da shi kaɗan a jini, abinci ne ma ga tsoka. Yawansa ne illa. A shanun tatsa, in awon jini ya kai 1.2 a ma'aunin likita, an shiga haɗari ko da ido bai ga komai ba.

Su wa yake cutarwa? Fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki. Akwai wata runduna a cikinsu mai suna nutrofil, ita ce take fara kai ɗauki duk inda ƙwayar cuta ta shiga. In BHB ya yi yawa, sai tafiyarsu ta yi nauyi, ƙarfin kisansu ya ragu. A 2008 an nuna cewa BHB yana hana nutrofil na saniya shimfiɗa tarkon da suke kama ƙwayoyin cuta da shi. A 2015 kuma masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka gano yana toshe wata ƙararrawar kumburi a cikin sojojin jiki. Ga wahalar tsayuwa da tsoro da zafi, su ma suna sa jiki ya saki wani sinadarin, kotisol, da yake ƙara kashe wa sojojin gwiwa.

Nan ne ƙwayoyin cuta irin su Pasteurella, waɗanda dama suna zaune a hancin lafiyayyen sa ba su yin komai, suke samun ƙofa su gangara huhu. Shi ke nan, zazzaɓin hanya ya kama.

Wadda abin ya fi bugawa ita ce saniya mai tsohon ciki da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, haka ma tunkiya mai cikin tagwaye. Alamarsa ƙin ci, rama cikin sauri, wani lokaci numfashi ya riƙa wari kamar ruwan goge jan farce.

To mene ne abin yi?

Na ɗaya, kada a yi lodi da yunwa. A ba su ciyawa ko harawa da ruwa kafin a tashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, a tsaya a hanya. A Amurka tun 1873 doka ta hana a wuce awa 28 ba a sauke dabbobi ba. A Tarayyar Turai, dokar 2005 ta ce bayan awa 14 a tsaya aƙalla awa 1 a shayar da manyan shanu. Mu ma a yi wannan magana da direba tun wurin cinikin mota.

Na uku, a bar mai tsohon ciki a gida.

Na huɗu, in an sauka a fara da ruwa da busasshiyar ciyawa, a sama musu inuwa. Kada a antaya wa sa mai yunwa dusa ko masara a tashi ɗaya, tumbinsa zai yi tsami, gyara ya zama ɓarna.

Na biyar, wanda ya fara tari a ware shi, a kira malamin dabbobi, domin ciwon huhu mai yaɗuwa shi ma haka yake farawa. In an yi allura, a cika kwanakin da aka faɗa kafin a kai shi kwata.

Jama'a, kuɗin harawa da ruwa bai kai asarar sa guda ba, balle a lokacin Layya da mai saye yake duba dabba ciki da bai. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa, amin.