Me Ya Sa Mai Injin Niƙa Bai Sayi Na Biyu Ba?

Ana yawan zargin ɗan kasuwar karkara da rashin buri. Za ka ga mutum ya shekara goma da injin niƙa guda a bakin kasuwa, ciniki na tafiya, amma duk ribar da ta shigo sai ya zuba ta a tumaki ko ya ƙara buhunan gero a rumbu. Masu tsara shirye-shiryen raya karkara sukan ce wadatar zuci ce ta yi masa yawa, ko kuma ƙarancin ilimi. Ni dai ina ganin lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne. Kafin ya tambayi kansa nawa zai samu idan harka ta yi kyau, yana tambayar me gidansa zai ci idan ta watse. Tunkiya ana sayar da ita ranar kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, amma inji na biyu da aka saya da bashi, idan damina ta ƙi kuma man dizal ya yi tsada, ƙarfe ne kawai a rumfa.

Akwai hujjar wannan daga arewacin Gana. Masana tattalin arziki, ciki har da Dean Karlan da Christopher Udry, sun raba wa wasu manoma tsabar kuɗi, wasu kuma inshorar da ke biya idan ruwan sama ya gaza. A sakamakon da suka wallafa a 2014, masu inshorar ne suka fi faɗaɗa gona da kashe kuɗi a taki da ƙwadago. Wato da aka ɗauke musu fargabar asara, su da kansu suka nemo jarin.

Wani zai ce ai jari shi ne komai. Tun da Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen mai ba da ƙananan rance a Bangaladash a 1983 duniya ta rungumi wannan ra'ayi. Sai dai binciken ƙananan rance da aka fitar a 2015 daga ƙasashe 6, har da Habasha da Maroko da Indiya, bai nuna wani gagarumin sauyi a kuɗin shigar yawancin masu karɓa ba. A Indiya ma waɗanda suka fi amfana su ne masu sana'ar da dama ta kafu. Bashin da za a fara biya mako-mako tun kafin kaya su juya ba ya barin mutum ya yi kasada. Ga kuma ɗawainiyar dangi: da zarar an ga shago ya cika, biki da suna da kuɗin asibiti duk sun san ƙofar gidan. Wannan zumunci shi ne garkuwar talaka ranar da ya faɗi, don haka ba abin zagi ba ne, amma yana sa mace mai ƙuli-ƙuli ta gwammace ta ɓoye ribarta a adashi da ta buɗe rumfar da kowa zai gani.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa halin mutanen ne matsalar tana cikin tarihinmu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka auduga suka so a noma. Manoman ƙauyuka suka auna farashi, suka zaɓi gyaɗa, cikin ƴan shekaru kuwa Kano ta zama cibiyar fitar da ita. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya kuma fara da fataucin goro, a wannan harka ya bunƙasa. Ba wa'azi aka yi wa kowa ba, hanya ce ta buɗe, mai saye ya tabbata. Akasin haka ake gani a Kadawa ta ƙasar Kano, inda mai tumatir ke kallon kwandunansa na ruɓewa a bakin titi lokacin da kaya suka yi yawa, balle shekarar 2016 da tsutsa ta cinye gonaki. Wanda ya sha wannan sau biyu, ko an yi masa tayin rance mai sauƙi, da wuya ya ƙara kadada ɗaya a noman rani mai zuwa.