Korona ta tafi, amma me ta bari a jijiyoyin jininmu?

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu abin da muke tunawa game da korona bai wuce kulle makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 ba, da takunkumin fuska, da bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, ta kuma janye dokar ta-ɓaci a kanta ranar 5 ga Mayu, 2023. Tun daga lokacin sai muka ɗauka magana ta ƙare. Likitocin zuciya kuwa ba su rufe littafin ba, domin sun gano cewa wannan cuta da muka sani da tari da sarƙewar numfashi tana barin tabo a wurin da ido ba ya gani, wato cikin jijiyoyin jini.

Kafin mu je ga cutar, bari mu tuna darasin bayoloji. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, kuma duk bugu ɗaya tana tura jini da ƙarfi cikin manyan jijiyoyi. Jijiya mai lafiya kamar sabon tiyo take: idan jini ya shigo sai ta ɗan buɗe, ta shanye ƙarfin bugun, sannan ta koma yadda take tana tura jinin gaba a hankali. To, wanda ya taɓa ɗaukar tiyon da ya shekara a rana ya san yadda yake zama, ya bushe, ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Haka jijiyoyin ɗan Adam suke yi da shekaru. Idan suka sandare, dole zuciya ta ƙara ƙarfi kafin ta tura jini, kuma bugun yana isa ƙwaƙwalwa da ƙoda da zafinsa ba tare da an rage shi ba. Daga nan ake samun hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Wannan sandarewar ita ce likitoci suke nufi idan suka ce jijiya ta tsufa, kuma tana iya riga mai ita tsufa.

A cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ake kira endoteliyum. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ku. Ita ce take sa jini ya gudana sumul ba tare da ya daskare ba, kuma ita ce take fitar da sinadarin naitirik oksaid, wanda yake umartar tsokar jijiya ta saki. Gano aikin wannan sinadari ne ya sa masana uku suka sami kyautar Nobel a 1998.

To, ina korona ta shigo? Ƙwayar cutar tana da wasu tsinkaye a jikinta masu kama da kambi, kuma da su take buɗe ƙofar shiga ƙwayoyin halittarmu. Sunan wannan ƙofa ACE2. Matsalar ita ce ba don cuta aka yi ACE2 ba, yana da aikinsa na kullum. Akwai wani sinadari a jiki mai suna anjiyotensin na biyu wanda yake matse jijiyoyi, ya ɗaga jini, ya kuma haddasa kumburi, ACE2 ne kuwa yake karya shi ya rage masa ƙarfi. Idan ƙwayar cutar ta kama ACE2 ta shige da shi ciki, adadinsa yana raguwa, sai anjiyotensin ya samu sake. Kamar a ce ɓarawo ya shiga gida ya kuma tafi da maigadi.

Ɓarna ta biyu daga sojojinmu take fitowa. Garkuwar jiki idan ta tashi yaƙi tana zubo sinadaran kumburi cikin jini, kuma a wasu mutane ba ta san inda za ta tsaya ba. Waɗannan sinadarai suna ƙona shimfiɗar nan, naitirik oksaid ya ragu, bangon jijiya ya zama mai kaushi, jini kuma ya fara curewa yana yin gudaji. A watan Afrilu na 2020 likitoci a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka wallafa a mujallar Lancet cewa sun ga kumburin wannan shimfiɗa a sassan jiki daban-daban na masu cutar, ba a huhu kaɗai ba. A wannan shekarar kuma wasu masana suka kwatanta huhun waɗanda korona ta kashe da na waɗanda mura mai tsanani ta kashe, suka tarar ƙananan gudajin jini a siraran jijiyoyin huhu sun ninka sau tara a wajen masu korona. Har yanzu masana suna muhawara kan ko ƙwayar cutar da kanta take zama cikin shimfiɗar ko kuwa kumburin ne yake yin yawancin aikin, amma kan cewa shimfiɗar tana lalacewa babu gardama.

Duk wannan ya shafi masu jinya mai tsanani. Wanda ya yi 'yar mura ta kwana biyar ya warke fa? Nan ne binciken da aka wallafa a watan Agusta na 2025 a mujallar European Heart Journal ya ja hankali. Farfesa Rosa Maria Bruno ta wata jami'a a birnin Paris ce ta jagorance shi, kuma ya ƙunshi mutum 2,390 daga ƙasashe 16. An raba su gida huɗu: waɗanda ba su taɓa kamuwa ba, waɗanda suka kamu suka yi jinya a gida, waɗanda aka kwantar a asibiti, da waɗanda suka kai ɗakin kulawa ta musamman.

Yadda suka auna tsufan jijiya yana da ban sha'awa, musamman ga 'yan ajin kimiyya. Ana ɗora na'ura a jijiyar wuya da ta matsematsi, a auna tsawon da ke tsakani, a kuma auna lokacin da bugun zuciya yake ɗauka daga nan zuwa can. Nisa a raba da lokaci, kamar yadda muke yi a fizis. Jijiya mai laushi tana rage wa bugun gudu, sandararriya kuwa tana barinsa ya wuce a guje. A matashi gudun yakan kasance kusan mita 6 a sakan, a dattijo ɗan shekara saba'in yana iya haura mita 10.

An yi awon wata shida bayan kamuwa, aka sake bayan shekara. Abin mamaki, a mata aka fi ganin bambancin. Matan da suka yi jinya a gida gudun bugunsu ya ɗara na waɗanda ba su kamu ba da kusan mita 0.55 a sakan, waɗanda aka kwantar 0.60, waɗanda suka shiga ɗakin kulawa ta musamman kuwa sama da mita ɗaya. Rabin mita kamar ba komai ba ne, amma masu binciken sun ce daidai yake da ƙarin tsufan kusan shekara biyar. Suna zaton dalilin shi ne garkuwar jikin mace ta fi ta namiji saurin tashi da ƙarfi, abin da yake ceton ta lokacin cutar amma yake iya barin kumburin da ya daɗe.

A ganina kada mu ɗauki wannan mu shiga tsorata iyayenmu mata. Adadin nan matsakaici ne na mutane masu yawa, ba hukunci ba ne a kan kowace mace. Kuma ba a auna jijiyoyin mutanen ba kafin su kamu, an kwatanta su ne da wasu. Sannan binciken da kansa ya zo da labari mai daɗi guda biyu: waɗanda suka yi allurar rigakafi jijiyoyinsu ba su kai na sauran sandarewa ba, kuma a awo na biyu sandarewar ta tsaya ko ta ɗan ragu.

Mu a nan abin ya shafe mu ta wata fuska. Gwajin korona ya yi ƙaranci a ƙasarmu, don haka mutane da yawa sun yi cutar a matsayin zazzaɓi ko mura ba su sani ba. Ga shi kuma hawan jini ya yi yawa a gidajenmu, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Na'urar auna gudun bugu ba a kowane asibiti ake samunta ba, amma ta awon jini tana nan a ƙaramin asibitin unguwa da kemis da yawa, kuma awon ba ya cin minti biyar. Idan lamba ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake awo a wata rana aka ga haka, sai a ga likita. Abubuwan da suke sassauta jijiya kuwa sanannu ne: rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, tafiya a ƙasa kullum, nisantar taba da shisha, da shan maganin hawan jini ko na ciwon suga ba fashi ga wanda aka ɗora a kai. Idan kun je gida hutun nan, ku tambayi Mama da Baba yaushe rabonsu da awon jini.