Mako Mai Tsarki: Kwanakin da Kirista Ke Bin Sawun Almasihu

Mako Mai Tsarki shi ne makon ƙarshe kafin bikin Ista. Yana farawa ranar Lahadin Dabino, ya ƙare daren Asabar, kuma shi ke rufe azumin kwana arba'in da Kirista da yawa ke somawa ranar Larabar Toka. A cikinsa ikkilisiya ke bin labarin Yesu Almasihu rana bayan rana: shigarsa Urushalima, kama shi, shari'arsa, gicciye shi da binne shi, har zuwa safiyar da Kirista suka gaskata ya tashi daga matattu. Kirsimeti ya fi shi suna a kasuwa da kan titi, amma a ma'aunin addinin wannan makon ne kan gaba. Cikin littattafan Bishara huɗu, Matiyu da Luka kaɗai suka ba da labarin haihuwar Yesu, alhali dukkansu sun tsaya a kan kwanakinsa na ƙarshe. Markus ma kusan kashi ɗaya cikin uku na littafinsa ya ba su.

Makon ba ya zama wuri ɗaya a kalanda, domin Ista na bin wata ne. Yesu ya mutu a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda ake lissafawa da wata. Bayan taron manyan ikkilisiya na Nikiya a shekarar 325, ƙa'idar da ta kafu ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa a cocin Katolika da na Furotesta bikin ke faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. 'Yan Otodoks na Girka, Rasha, Masar da Habasha suna lissafi da tsohuwar kalanda, don haka nasu yakan zo a baya, sai dai wasu shekaru a haɗu, kamar yadda aka yi ranar 20 ga Afrilu, 2025. Tsarin ibadar kansa tsoho ne. Wata mai ziyarar ibada, Egeria, wadda ta zauna a Urushalima wajen shekarun 381 zuwa 384, ta rubuta yadda jama'a ke saukowa daga Dutsen Zaitun riƙe da rassan dabino da na zaitun, suna yin kowace addu'a a wurin da abin ya faru kuma a ranarsa. Daga can al'adar ta bazu.

Wannan bin rana da rana shi ne asirin makon. Mai bi ba ɗan kallo ba ne. Ana so ya shiga cikin labarin, ya tambayi kansa inda yake tsaye a ciki.

Lahadin Dabino rana ce ta murna mai haɗe da gargaɗi. Yesu ya shiga birni a kan jaki, dabbar talaka, ba a kan dokin yaƙi ba, jama'a suna shimfiɗa masa tufafinsu da rassan itatuwa. A Kaduna, Jos, Yola da sauran garuruwa, 'yan Katolika da Angilikan sukan fito jerin gwano da ganyen dabino ko na kwakwa, wasu su saƙa shi ya zama ƙaramin gicciye su ajiye a gida. Wannan ganyen ne ake ƙonawa a sami tokar da za a shafa a goshi a farkon azumin baɗi. A cocin Katolika, a wannan ranar ta yabo ake karanta dogon labarin shan wahalarsa, don kada mai ibada ya manta cewa bakin da ya yi kirari yau yana iya juyawa gobe.

Daga Litinin zuwa Laraba ana tuna korar 'yan canji daga Haikali, da matar da ta shafe Yesu da turare mai tsada a Betanya, da yadda almajirinsa Yahuza Iskariyoti ya yarda ya bashe shi a kan azurfa talatin.

Ranar Alhamis ce abin ya fara nauyi. A jibin ƙarshe Yesu ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. Aikin bawa ne a wancan zamani, shi ya sa almajirinsa Bitrus ya ƙi da farko. Har yau fada ko bishop yakan durƙusa gaban mutum goma sha biyu ya yi haka. A 2013 Fafaroma Francis ya kai wannan ibada gidan yarin matasa na Casal del Marmo a birnin Roma, inda cikin waɗanda ya wanke wa ƙafa har da mata biyu, har da Musulmi. Darasin bai tsaya ga malaman coci ba. Yana kan mai gida da yaransa, shugaba da talakawansa, duk wanda Allah ya ɗora a kan wani: girma a wurin Almasihu hidima ce. Kuma darasi ne mai wuya, domin durƙusawa sau ɗaya a shekara gaban jama'a ya fi sauƙi a kan yi wa na ƙasa adalci kullum ba wanda ke gani.

A wannan daren ne kuma aka kafa Jibin Ubangiji. Katolika da Otodoks sun gaskata gurasa da ruwan inabi suna zama jiki da jinin Almasihu a hakika. Majami'u irin su ECWA da Baptis suna ɗaukar sa abin tunawa da mutuwarsa. Bambancin babba ne, amma duka sun yarda ba a zuwa wannan teburi da gaba a zuciya, shi ya sa makon ya zama lokacin tuba da sulhu. Bayan jibi sai lambun Getsamani, inda Yesu ya yi addu'a cikin matsanancin baƙin ciki, ya roƙi a ɗauke masa wahalar in mai yiwuwa ne, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba, almajiransa kuwa barci ya kwashe su. Kafin zakara ya yi cara Bitrus ya yi musun saninsa sau uku. Masu wa'azi sukan jera shi da Yahuza, kuma suna da hujja. Dukansu sun ci amana a dare ɗaya. Ɗaya ya yanke ƙauna ya hallaka kansa, ɗayan ya yi kuka ya dawo, ya zama jagoran manzanni.

Ranar Juma'a ba a yin Mas a cocin Katolika. Bagadi a tuɓe yake, ƙararrawa ta yi shiru, ana azumi ana ƙaurace wa nama. A ƙasar Hausa ranar kan faɗo a tsakiyar bazara, amma duk da zafin mutane sukan bi Hanyar Gicciye mai matsayi goma sha huɗu, wani lokaci matasa su kwaikwayi tafiyar a kan titi. Da misalin ƙarfe uku na yamma, lokacin da Bishara ta ce Yesu ya cika, ake taruwa. Wasu majami'u sukan yi wa'azi a kan kalmomi bakwai da ya furta a kan gicciye. Bilatus, gwamnan da Romawa suka naɗa a ƙasar, shi ne ya yanke hukuncin, kuma gicciye kisan wulaƙanci ne da Romawa suka fi yi wa bayi da 'yan tawaye. Kirista sun gaskata cewa marar zunubi ne ya ɗauki zunubin duniya a Golgota, wurin da aka gicciye shi, ya zama fansa, ya sulhunta mutum da Allah. A nan Kiristanci da Musulunci suka rabu, domin Musulmi suna girmama Annabi Isa amma sun gaskata ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, Allah ne ya ɗaukaka shi zuwa gare Shi. Sanin wannan bambanci yadda yake yana taimaka wa maƙwabta su fahimci juna.

Abu mafi tsanani da Juma'a ke nema daga mai bi shi ne gafara, domin Yesu ya roƙa wa masu kashe shi gafara yana rataye. Ranar ba ta neman mai laifi ba ce. An daɗe ana amfani da labarin wajen tsangwamar Yahudawa a Turai, har cocin Katolika ya fito a 1965 ya ce ba za a ɗora mutuwarsa a kan dukan Yahudawa ba, na da ko na yanzu. Ga waɗanda suka binne 'yan uwa bayan harin bam na ranar Ista a Kaduna a 2012, ko na Lahadin Dabino a Tanta da Iskandariya na Masar a 2017, ko na ranar Ista a Siri Lanka a 2019, gafara ba magana ce ta fatar baki ba. Ba ta hana neman adalci, amma tana hana ramuwa. Gicciye yana kuma gaya wa mai shan wahala cewa Ubangijinsa ya san zafin cin amana, shari'ar zalunci da mutuwa, domin ya ɗanɗana su.

Asabar ranar jira ce. Gawa na kabari, almajirai sun ɓuya, babu abin da ake gani yana motsi. Mutane sukan yi saurin wuce ta da cefanen biki, alhali ita ta fi kama da rayuwar yawancin masu bi: mara lafiya da ke jiran sauƙi, iyalin da ke jiran ɗansu da aka sace, mai addu'ar da bai ga amsa ba tukuna. Da dare ya yi sai a hura wuta a ƙofar coci, a kunna babban kyandir na Ista, kowa ya ɗauki haske daga na kusa da shi har ɗakin ya cika. Ana karanta Nassi tun daga halittar duniya, ƙararrawa ta sake kaɗawa, a yi wa sababbin masu bi baftisma, tsofaffi kuma su sabunta alkawarinsu.

Da asubahin Lahadi mata ne suka fara iske kabarin a buɗe, Maryamu Magadaliya a cikinsu. Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa in tashin bai faru ba, wa'azi da bangaskiya duk sun zama banza. A kansa ne Kirista ke kafa begen cewa mutuwa ba ita ce ƙarshe ba, da shi kuma suke ta'azantar da juna a bakin kabari. Majami'u da yawa sukan fita sujada tun kafin fitowar rana, 'yan Zumuntar Mata da mawaƙa suna raira waƙoƙin tashi. Litinin ta Ista ranar hutu ce a Najeriya da Nijar, kuma a wurare da dama a Najeriya iyalai sukan fita bayan gari su ci abinci tare, abin da ake kira zuwa Galili, don tunawa da wurin da aka ce wa almajirai za su gan shi. Lokacin Ista yana ci gaba har kwana hamsin, ya ƙare ranar Fentikos.