Samaru da Jami'arta: Haya, Shayi da Irin Shuka

Samaru ta girmi jami'ar da ta yi mata suna. Tun 1922 Turawan mulki suka kafa tashar binciken noma a wurin. Sai ranar 4 ga Oktoba 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, Sardauna ya zama uban jami'a, Norman Alexander kuma shugabanta na farko. Tsohuwar tashar ce ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar.

Yau cinikin Samaru kalandar karatu yake bi. Da an buɗe zango, titin da ke gaban babbar ƙofa ya cika maƙil: mai fotokofi, mai ɗaure kundin digiri, mai shayi da Indomie, ɗan acaɓa, ga maigidan da ya yanka tsakar gidansa ɗaki-ɗaki don 'yan haya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, ya nuna tsirara yadda abin yake. An yi ta jajanta wa ɗalibai, kuma sun cancanta, amma wa ya tambayi matar da ta saba sauke tukunyar shinkafa da wake tun hantsi, ta wayi gari ba mai miƙo kwano?

A ganina, babban alherin jami'ar ba a wannan titin yake ba. Yana gona. Masarar SAMMAZ, dawar SAMSORG da gyaɗar SAMNUT duk masanan Samaru suka fitar tare da abokan aikinsu. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanso. A Shika, inda asibitin koyarwa yake, cibiyar binciken dabbobi ta jami'ar ta samar da kazar ƙwai Shika Brown. Manomi a Giwa ko Funtuwa zai iya cin moriyar wannan aiki bai taɓa taka harabar ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin gonar gwaji da gonar talaka. Malaman gona sun yi ƙaranci, jabun iri ya cika kasuwa, manomi kuwa in ya ƙone sau ɗaya sai ya koma wa irin kakansa. Wannan ba aikin farfesa ba ne shi kaɗai. Gwamnonin Arewa su ɗauki malaman gona, su biya su, su ba su babura kafin damina ta faɗi.