Ko Kun Sani? Ambaliyar da Ke Saukowa daga Bagre

Ambaliyar da ke cinye gonaki a yankin Bawku da Bolgatanga na ƙasar Ghana tana iya zuwa ko da sararin samaniya a washe yake, domin tushenta yana ƙetaren iyaka, a madatsar ruwa ta Bagre da aka gina kan kogin Farar Volta a Burkina Faso a farkon shekarun 1990. Idan tafkin ya cika a watan Agusta ko Satumba, hukumar lantarki ta ƙasar, wato SONABEL, takan buɗe ƙofofinsa don kada bangon ya fashe, sai ruwan ya gangaro Ghana daidai lokacin da masara da gero da shinkafa ke dab da nuna.

Sauyin yanayi, wato jirkicewar tsarin zafi da ruwan sama na tsawon shekaru, ya ƙara tsananta lamarin, kamar yadda aka gani a 2007 lokacin da fari ya fara ƙona shuka, sannan mamakon ruwa ya biyo baya ya rushe gidajen ƙasa da gadoji. Hannun ɗan Adam ma yana ciki, saboda sare itatuwa don yin gawayi, har da kaɗanya wadda mata ke dogaro da manta, da noma har bakin gaɓa, suna sa ƙasa ta zaizaye ta cike cikin kogin, ya kasa ɗaukar ruwan da yake ɗauka a da. Abin takaici shi ne madatsar Pwalugu ta Ghana, wadda aka aza harsashinta a 2019 don tare wannan ruwa, aikinta ya tsaya cik.