Isa Kaita: Daga Riƙon Alli Zuwa Kujerar Minista

Tsayar da ɗalibi a Ƙofar Durbi ta Katsina ka tambaye shi wane ne Isa Kaita, mai yiwuwa ya ce maka kwalejin horar da malamai ce a Dutsin-ma. Bai yi ƙarya ba, amma kafin sunan ya hau allon kwaleji, na wani malamin makaranta ne a birnin Katsina.

An haife shi a 1912, ɗan Wazirin Katsina Haruna ne. Ya yi karatu a tsohuwar Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Don samar da malamai aka kafa ta, ba 'yan siyasa ba. Turawa dai sun shuka gero, sai ga dawa ta tsiro. Da ya gama, sai ya kama koyarwa a Midil ta Katsina.

Me ya sa malamai suka cika majalisun wancan zamani? Masu ilimin boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba, kuma mafi yawansu a aji suke. Malami ya saba tsayawa gaban jama'a ya warware abu mai sarƙaƙiya har yaro ya gane, ya san gidajen ɗalibansa, iyaye kuma na jin maganarsa. Wannan baiwar ce ta kai Malam Isa Ankara ta ƙasar Gana a 1941, inda shi da Bello Dandago suka riƙa karanta labaran Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa a rediyo.

Da ya dawo ya yi aiki da Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1951. Ya zama minista a 1954, daga baya ya riƙe ma'aikatar ilimi har juyin mulkin Janairun 1966. Yana kan kujerar aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A ganina nan ya fi dacewa, domin wanda ya sha ƙurar alli ba a yi masa ƙarya a kan halin da aji ke ciki.

Ya rasu a 1994 yana Wazirin Katsina. Ginin kwalejin da ta yaye shi yana nan, ya zama gidan tarihi. Iyaye, ku kai yara su gani.