Gigin Tsufa: Abin da Jini Ke Iya Tonawa

A Tasawa da Mayahi, idan tsohuwa ta fara tambayar jikokinta sunayensu, ko dattijo ya fita sallar asuba ya kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne. Wani lokaci a ɗora wa iskoki, ko a fara tsegumin maita, wanda ya fi komai ciwo. Alhali sau da yawa cuta ce da ta yi gida a ƙwaƙwalwa.

Likitan Jamus Alois Alzheimer ne ya bayyana ta a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa da ta rasu. Furotin iri biyu ne ke ɓaci. Amiloyid na taruwa dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, tawu kuma na cukurkuɗewa a cikinsu kamar zaren da ya harɗe wa masaƙi. Tarin kan fara kusan shekara 20 kafin iyali su ga alama.

A da, sai bayan mutuwa ake tabbatar da cutar. Daga 2004 aka soma ganin amiloyid a kan mai rai da na'urar hoto ta PET, mai ɗan karen tsada. Akwai kuma ɗibar ruwan ƙashin baya da allura, aikin da mutanen jihar Maraɗi suka sani sarai saboda sanƙarau. A cikin wannan ruwan ake auna furotin ɗin biyu.

Sabon abu shi ne jini. A watan Mayun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin Lumipulse, mai auna wani nau'in tawu da amiloyid a jinin ɗan shekara 55 zuwa sama da ya fara nuna alamu. Allura ɗaya a hannu ke nan. Sai dai jinin da aka ɗiba a Kwargwam ko Kanambakashe na buƙatar na'urar tacewa da sanyi da wutar da ba ta yankewa kafin ya isa ɗakin gwaji. Ciwon ƙoda ma kan gurɓata sakamako.

Akwai wata damuwar: yawancin gwaje-gwajen a kan Turawa aka daidaita su. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya gano cewa cutar ta fi ƙaranci a tsofaffin Yarbawa fiye da baƙaƙen Amurka, don haka ma'aunin can ba lalle ya dace da tsohon Tasawa ba. Dole a gwada shi a kan mutanen nan.

Kafin nan, lokotoro na da abin yi a asibitin Tasawa. Hawan jini, ƙaramin shanyewar jiki da ƙarancin bitamin B12 duk kan kawo ruɗewa, kuma awon hawan jini ba ya cin minti biyar.